Furen da Ba Ya Cikin Jadawali

Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanina da gidan Kuwabara, kuma shingen iya ƙirjina yake, saboda haka kada wani ya ce leƙe nake yi. Duk abin da ya faru a lambun nan a kan idona ya faru, ina shanya ko ina shara.

Kuwabara Tetsuo ma'aikacin jirgin ƙasa ne, irin waɗanda ke zaune a ofis suna zana jadawali: wannan jirgi ya shigo tasha ƙarfe bakwai da minti huɗu, ya ba wancan wuri bakwai da minti shida. Shekara talatin da takwas ya yi yana wannan aiki, kuma in ka yi kuskuren tsayawa gaisawa da shi, sai ya gaya maka bai taɓa haɗa jirgi biyu a layi ɗaya ba. Matarsa Fusae kuwa ƙawata ce. Shi ya fita da sassafe, ya dawo ya tarar da shinkafarsa a rufe. Ita ce gida, ita ce yara, ita ce lambu. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Ke" yake ce mata, ita kuma ta ce "Baban Noriko", har Noriko ta girma ta yi aure ta bar garin.

Lambun Fusae ba shi da kan gado, wannan ban musa ba. Takan binne albasar wani fure a ƙarƙashin wani, ta dasa iri ɗaya a rana ta kuma dasa shi a inuwar bango. Wani ma mantawa take yi ta shuka shi, sai ya fito ta yi masa maraba. Amma daga ranar da ƙanƙara ta narke har ruwan damina ya sauka a watan Yuni, ba ka leƙa gidan ka rasa launi. Kafin wannan ya bushe wancan ya buɗe, su yi kwanaki tare a cunkushe. Matan da ke kai yara makaranta har hanya suke canzawa su bi ta layinmu.

Sai Kuwabara-san, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, ya yi ritaya. Wata shida ya yi yana bin matarsa daga ɗaki zuwa ɗaki da hannu a baya. Ya jera mata kwanuka bisa girmansu, ya manna wa kowace kanta ta firji lamba. Ranar da na gan shi tsaye a baranda yana yi wa lambu irin kallon da yake yi wa agogo, na ce a raina, shi ke nan, an zo wurin.

A watan Oktoba Fusae ta tafi gidan Noriko kwana uku. Ta fita ran Litinin da safe, kafin rana ta yi tsakiya ya fito da shebur.

"Kuwabara-san, me ake binnewa?" na tambaye shi ta kan shinge.

"Ba binnewa ba ne, Onodera-san, gyara ne. Lambun nan ba shi da tsari."

"To mai lambun ta sani?"

"Za ta gani ta ji daɗi."

Kwana biyu ya tone wurin tas. Albasa da saiwoyi na shekara talatin ya zuba a leda goma sha ɗaya, ya ɗaure bakin kowace da kyau, ya kai wurin ajiye shara a ranar da ta dace, don mutum ne mai bin doka. Masu kwasar shara suka ƙi ɗauka saboda akwai ƙasa a ciki, suka manna wa kowace leda rawayar takarda suka tafi. Ni na jawo su gidana ɗaya bayan ɗaya, da wannan bayan nawa, na tuttura su a ƙasa duk inda na ga fili, ban ma san wanne ne wanne ba.

Da Fusae ta dawo, ta tarar da fangali huɗu masu kusurwa huɗu, an ja su da igiya da rula, an zuba farin tsakuwa a tsakaninsu, kowane da allonsa mai lamba. Ta ajiye jakarta a ƙofa, ta daɗe a tsaye. Shi kuwa ya fito da takarda mai faɗin tabarma, ya baje ta a baranda, ya ɗauki sanda yana nunawa.

"Ke, duba nan. Layi na ɗaya, suisen, rawaya, ɗaya ga Maris zuwa ashirin da huɗu. Layi na biyu, tulif, ja, ashirin da biyar ga Maris zuwa sha tara ga Afrilu. Na uku tsutsuji, ruwan hoda, har goma ga Mayu. Na huɗu shakuyaku, fari, ya kai mu ƙarshen wata. Kwana casa'in da biyu, babu ranar da babu launi, kuma babu cunkoso. Na ɗauki lissafin yanayi na shekara talatin na raba."

"Ina nawa furannin?" in ji Fusae.

"Naki ai ba a rubuce suke ba. Na nemi takarda ko ɗaya ban samu ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ta dafa masa abincin dare. Washegari ta fito da babban akwati, ta ce za ta je garin Sakata wurin yayarta.

"Kwana nawa?"

"Ka ce babu ranar da babu launi, ko? To zan zo in gani da bazara. In na tarar da fure ko guda ɗaya a buɗe a lambun nan, zan kwance akwatina. In babu, kada ka sake tambayata kwana nawa."

"Wace rana? Wane jirgi?"

"Ba zan faɗa ba."

Ni na san wannan ce muguntar da ta fi kowace yi masa ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, ta burge ni. Mutumin da ko banɗaki da agogo yake shiga, an ce masa baƙo zai zo ba rana ba lokaci.

Ya ci hunturunsa da abincin kanti. Wani lokaci nakan miƙa masa kwanon miya ta kan shinge, ba don shi ba, don kada Fusae ta dawo ta tarar da ƙashi. Yakan dawo da kwanon a wanke, da 'yar takarda a ciki mai ɗauke da ranar da ya karɓa da ranar da ya mayar.

Ɗaya ga Maris, ƙarfe tara daidai, ya fito da farar safar hannu ta aikinsa. Ya tsaya a gaban layi na ɗaya, ya miƙa yatsa kamar yadda suke yi a tasha, ya buɗe baki zai ce "daidai", sai ya ga ganye kawai. Ya koma ciki. Bayan rabin awa ya fito ya manna sanarwa a ƙofar gida, da jan hatiminsa a ƙasa: ana ba masu wucewa haƙuri bisa jinkirin suisen, ana kuma binciken musabbabi. Mai raba wasiƙu ya karanta, ya cire hula ya rusuna wa takardar, ya hau babur ɗinsa kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ran huɗu ga wata suka buɗe, kuma a faɗi gaskiya sun yi kyau. Rawaya ce shar daga wannan gefe zuwa wancan, duk tsayinsu ɗaya. Kullum ƙarfe tara ya nuna su da yatsa ya ce, "Layi na ɗaya, daidai." Har na fara tunanin ko tsohon zai ci nasara.

Ashirin da biyar ga Maris na ji ƙarar almakashi. Na leƙa, ga suisen a tsakiyar ganiyarsu, ga Kuwabara-san a durƙushe yana sare musu kai yana jefawa a bokiti.

"Haba, Kuwabara-san. Me suka yi maka?"

"Lokacinsu ya cika jiya. Yau na tulif ne."

"Ina tulif ɗin? Ni dai kore nake gani."

"Suna hanya. Ba a shigo da jirgi sai an share masa layi."

"Ai ba a kansu za su taka ba. Kowa da fangalinsa."

"Onodera-san, ke ba ki yi aikin ba. Ka bar ɗaya ya wuce lokacinsa, na bayansa ma ya ce sai an yi masa uzuri. Daga nan tsari ke lalacewa."

A makon nan sanyi ya dawo. Tulif suka ƙi buɗewa sai uku ga Afrilu. Kwana tara lambu ba ko ɗigon launi, sai sanarwa tara a ƙofa, kowace da kwanan watanta. Duk jirgin da ya tsaya a tasha, sai in ga tsohon ya fito bakin hanya yana duban masu tahowa, yana gyara wuyan riga. Fusae ba ta zo ba. Na ɗauka wannan tsoron zai koya masa wani abu. Na ma ɗauko tukunya biyu masu fure na ce ya ajiye a baranda, ko don ɓacin rana. Ya yi godiya, ya rusuna, ya ce ba sa cikin jadawali.

A gefena kuwa, abin da na tuttura a ƙasa ba tsari ya fito kamar hauka. Rawaya a kan shuɗi, fari a gindin ja, wasu ma ban san sunansu ba. Matan makaranta suka riƙa tsayawa a ƙofata. Shi kuma in zai wuce sai ya kau da kai, kamar wanda ya ga wankin maƙwabta na ciki a kan igiya.

Tsakiyar Afrilu zafi ya zo da wuri. Tsutsuji na layi na uku suka fara buɗe baki tun ran sha biyu, saura kwana takwas lokacinsu ya yi, ga tulif suna kan ganiya. Da wani mutum ne, da ya gode. Kuwabara-san kuwa fuskarsa ta yi fari.

"Karo za a yi," ya ce da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wa zai mutu?"

Ya juya ya nufi layi na uku. Ya tsince duk waɗanda suka buɗe, ya kawo baƙin ƙyalle ya lulluɓe sauran, ya danne gefe-gefen da duwatsu. Wai ya tsayar da su a sigina, kamar jirgin da ke jiran a ba shi hanya. Ran ashirin ga wata ya sare tulif, ya yaye ƙyallen da hannu biyu. Rabin ƙunshin furen sun dahu a ciki sun yi ruwan ƙasa. Abin da ya rage ya buɗe jefi-jefi, ya yi ta lallaɓawa zuwa biyu ga Mayu, ya zube.

Saura shakuyaku. Kowace tsohuwa a layinmu ta san shakuyakun da aka dasa bana ba ya yin fure bana, sai ya shekara ko biyu yana zaman ganye tukuna. Ba a rubuta wannan a jikin ledar da ya saya ba, kuma bai tambayi tsohuwa ba. Sha ɗaya ga Mayu ya nuna yatsa, ganye. Sha biyu, ganye. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa, sanarwar ƙofa kuma ta fara tsawo, har da neman afuwa bisa damuwar da aka jawo wa jama'a. Jama'ar ba su damu ba, dariya suke sha.

Ran sha uku da yamma wayata ta yi ƙara, Fusae ce, mai kirana da sunana na yanka.

"Tamiko-san, gobe zan zo, jirgin ƙarfe ɗaya da rabi. Kada ki gaya masa."

"Ƙawata, ki ɗan jinkirta mana. Lambun…"

"Kada ki gaya mini ni ma. Na gaji da gidan nan. Yayata tana da kirki, amma ko cokali na ɗauka sai ta ce ba nan ake ajiye shi ba. In dai haka ne ai gara nawa na gida, shi na saba da shi." Ta yi 'yar dariya. "Yana cin abinci?"

"Yana ci. Ya rame dai."

"Ko ganye na gani ya ɗan yi ja, zan ce fure ne."

Na ajiye wayar zuciyata ba daɗi. Wata bakwai ina magana da shinge ba mai amsa mini, ina kewarta ƙwarai. Na san kuma babu ko ganye mai ja a gidan, don duk wanda ya canza launi cire shi yake yi.

Da safe na fito shanya, na duba ta kan shinge, sai na saki rigar da ke hannuna. A tsakiyar farin tsakuwa, tsakanin layi na uku da na huɗu, ga furen ayame guda ɗaya ya buɗe, shuɗi mai duhu, a miƙe. Na san shi. Fusae ta zo da saiwarsa daga gidan mahaifiyarta tun tana amarya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Wani guntu ne shebur ya tsallake, ya kwana hunturu a ƙarƙashin tsakuwa, ya huda ya fito. Tun kwanaki ashe ganyensa na nan a bayan allon lamba huɗu, inda idon tsohon ba ya kaiwa. Na ji daɗi har ƙwalla ta zo mini.

Ƙarfe tara ya fito da safarsa. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. Yatsan ya tsaya a iska.

"Wannan kuma daga ina?"

"Kyauta ce, Kuwabara-san. Ka bar shi."

Ya shiga ciki ya fito da takardarsa, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. "Babu shuɗi a Mayu. Babu shuɗi ma gaba ɗaya. Kuma a kan hanya yake."

"Kwana goma sha biyu ba ka da fure ko ɗaya, yau ka samu. Ka bar shi ya kai gobe."

"Me ya sa gobe?"

Maganar ta zo bakina, na tuna alkawarin da na yi wa Fusae, na haɗiye. "Don na roƙe ka. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya rusuna mini sosai, irin rusunawar da ake yi wa fasinjan da ba za a mayar wa kuɗin tikitinsa ba. "Na fahimci damuwarki, Onodera-san. Amma in ta zo ta ga wannan, za ta ce ban iya riƙe tsari ba."

Na zura takalmi na zagaya ta ƙofa da gudun da ya rage mini. Kafin in kai ya tumɓuke shi da saiwarsa, ya jefa a bokiti, yana daidaita tsakuwa da tafin hannu. Na kira shi da wani suna da ba zan maimaita ba, na koma gida. Har yau ina tambayar kaina ko da na karya alkawarin da ya bar shi, kuma ban tabbata ba.

Biyu saura kwata na ji ƙarar tayar akwati a kan kwalta. Babban akwatin ne, wanda ta tafi da shi, da kuma ledar tsaraba a ɗaya hannun. Ta tsaya a ƙofa ta karanta sanarwar ranar har ƙarshe. Shi yana baranda. Da ya gan ta ya miƙe da sauri har ya tuntsurar da kofin shayi, ya shiga ciki, ya fito da safa a hannu da wata takarda a cikin ambulan. Ashe tun tuni ya tanade ta. Ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Irin takardar nan ce da ake ba fasinja a tasha ya kai wa maigidansa shaidar cewa jirgi ne ya makara, ba shi ba. Ya zana ta da rula, ya cike gurbin da "shakuyaku, kwana huɗu", ya buga hatimi.

Fusae ta karanta. Na ga gefen bakinta ya motsa, saura kaɗan ta yi dariya. Ta shiga lambun a hankali, tana duba gindin kowace shuka, tana ɗaga ganye da yatsa, har bayan tankin ruwa ta leƙa. Nema take yi da gaske, duk wanda ya gan ta ya san haka.

"Baban Noriko, ko ɗaya babu?"

"A halin yanzu babu. Amma lambun a tsare yake." Ya ɗan ɗaga ƙirji. "Ko yau da safe wani ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, na cire shi nan take."

Ya nuna mata bokitin da farar safarsa. Ta je ta duba ciki. Furen ya fara laushi, amma shuɗinsa na nan.

"Na mahaifiyata ne," ta ce.

"Ai ba a rubuce yake ba."

Ta durƙusa ta ɗauko shi. Ta buɗe takardar shaidar makarar, ta naɗe saiwar a ciki, ta jiƙa ta a bakin famfo. Ta zo wurin shinge ta miƙo mini ledar tsarabar, ta dubi haukan furannin da ke gefena, ta gane kowannensu, ta riƙe hannuna ta matse.

Ta kama akwatinta ta juya shi ya fuskanci hanya.

"Tetsuo-san, ka kula da kanka."

Ya tsaya da baki a buɗe. Na ga yana neman abin da zai ce, na ga kuma yana so ya ce ta tsaya. Ina addu'a a raina ya kira sunanta ko sau ɗaya. Shekara talatin da takwas na aiki suka riga shi.

"Akwai jirgin ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu," ya ce. "Shi ne ke haɗuwa da mai zuwa Sakata."

"Na gode," in ji ta, ta ja akwatinta.

Bai koma ciki ba. Yana nan tsaye tsakanin layi na uku da na huɗu, a daidai inda ya shafe tsakuwa da safe, har inuwa ta juya. Daga layinmu ana jin ƙararrawar mararraba in jirgi zai wuce. Da ta fara kaɗawa, ya ɗaga hannu ya ture bakin safar ya dubi agogo.

"Daidai," ya ce.